Kwalin da Ke Ƙarƙashin Keken Kawu

Jiya na bi ta kasuwar Wunti, sai na ji wani mai tura waƙa a waya ya ƙure hip-hop a shagonsa. Nan take Kawuna marigayi ya faɗo mini a rai.

Tela ne, kuma ya tara faifai da kaset har sun cika kabad biyu: goge, kalangu, garaya, waƙoƙin Indiya. Hip-hop kuwa ɗan kwalin takalmi ɗaya ne tak, yana ajiye shi a ƙarƙashin keken ɗinki. Ba ya taɓa shi sai Babbar Sallah ta matso, aiki ya yi masa yawa.

Wata rana na kai masa atamfata, na tarar kiɗan na dukan bango, shago sai warin man keke da ƙamshin sabon yadi. Na ce, "Kawu, kana jin abin da suke faɗa kuwa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ko kalma ɗaya. Wannan ba na kunne ba ne, 'yar nan, na ƙafa ne." Na duba ƙasa, ƙafarsa na taka keken daidai da bugun gangar.

Bayan rasuwarsa, babban ɗansa ya raba sauran faifan da kaset ɗin ga masu so, amma ya ce a ƙone kwalin, kada a ji dattijo na sauraren irin wannan. Na ce, "Yaya, rigar da ke jikinka ma da wannan kiɗan aka ɗinka ta." Sai ya bar mini kwalin.

Kwalin na ɗakina har yau, ko rediyon kaset ba ni da shi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya hutar da ƙafar nan tasa.