Ranar da muka share filin Inna Uwa

In kana Jakara ka ce ba ka san Inna Uwa mai waina ba to kai baƙo ne. Tun kafin a haifi babana take suya a bakin filin bayan masallaci, da tandar nan ta aurar da 'ya'yanta duka, kuma har yau in ka zo ba ka gaishe ta ba ƙonanniya za ta zuba maka. Filin nan kuwa komai a nan ake yi, shanyar gero da kuɓewa, masu rini su baza shadda, ga awaki ga 'yan ƙwallo, ɗaurin aure ma nan ne.

Kawai sai wani Alhaji ya ce zai gina sufamaket a wurin, wai kango ne ba mai amfani da shi. Inna Uwa ta ce to ita ina za ta kai tandarta, ta dinga shiga gida gida har mai unguwa Malam Garba ya ɗebi dattawa suka kai ƙorafi ofishin masu tsara gari. Aka ce ma'aikata za su zo su gani da idonsu.

To ka san mu da baƙi. Ranar tun da safe Malam Garba ya sa aka kwashe shanya aka kore awaki aka share filin tas har da yayyafa ruwa, wai kar manya su ce mu ƙazamai ne. Inna Uwa ta je barka Dukawuya, tana dawowa ta tarar da ma'aikata tsaye suna kallon fili fayau, babbansu yana cewa ai Alhaji bai yi ƙarya ba, ba komai a nan.

Ta ja mai unguwa gefe ta ce "Garba tun kana yawo ba wando nake ba ka waina, yau shaidarmu ka share?"

Ya ce "Inna wallahi karramawa na yi."

Sai ta juya wajen babban ta ce "Ranka ya daɗe baƙo ba ya barin unguwar nan bai ci ba, ku shigo soro." Suka ce sauri suke, ta ce ita ma. Ta dinga soya musu a hankali tana ƙara miya, a waje kuwa kowa gudu yake da tabarma da buhu da akuya.

Da suka fito ko hanyar mota babu, gero har gindin taya. Babban ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce "Hajiya kullum haka yake ko na yau ne?" Ta ce ya dawo duk ranar da ya ga dama amma kar ya faɗa wa Garba.

Ya dawo kuwa ba sanarwa, ya taka kuɓewar mutane. Ba a ba Alhaji izinin ginin ba. Inna Uwa tana nan a wurinta, Malam Garba dai har yanzu ƙonanniya yake samu ko ya gaishe ta.