Ɗakin Goro

Ranar sunan ƙanena Sani, wata Asabar cikin daminar shekarar da na shiga aji uku na lakwal, wato makarantar boko, aka neme ni aka rasa a gidanmu na Zongon Parakou. Tun da hantsi gidan ya cika ya batse. Mata na kirɓa sakwara, makaɗa sun kafa kalangu a ƙofar zaure, wani ya ɗaura lasifika a jikin mangwaro, ga guɗar Goggo Ladi, ƙanwar babanmu, wadda in ta sake ta sai in ji kamar an soka mini tsinke a kunne. An sa mini sabuwar atamfa, bakin ɗinkinta na cizon wuyana. Kowa murna yake yi, ban da ni. Na lallaɓa na shige ɗakin da Baba ke ajiye huhunan goro, na kutsa tsakaninsu, na toshe kunnuwa, ina kaɗa jiki gaba da baya. A nan Goggo ta same ni bayan la'asar. Ta dafa kafaɗata ba zato, na ƙwalla ihun da ya tsayar da kalangu. Kafin magariba ta yanke hukunci: "Yarinyar nan iska ta taɓa ta."

Kafin wannan rana ni ce abin misali a unguwa. Ba na ɗaga ido in dubi babba, ba na tsoma baki a zance, inda aka ajiye ni nan za a same ni. Mata kan ce wa 'ya'yansu, "Ku dubi Rakiya, kunya kamar amarya." Gaskiyar magana, kunyar ba ta kai yadda suke zato ba. Idon mutum nauyi yake yi mini. In na dube shi, abin da yake faɗa sai ya tsere mini. Amma a lakwal, malamin ajinmu, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, akasin haka yake so. "Dube ni in ina magana!" Sai rula a bayan hannu. Abu ɗaya ne, a gida a yabe ni, a lakwal a doke ni, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Daga baya na gano dabara: ina kallon karan hancinsa, shi yana tsammanin ya yi nasara.

Wasa ma ban iya shi yadda ake so ba. In 'yan mata sun ja da'irar gaɗa, ni ina gefe ina jera duwatsun carafke daga babba zuwa ƙarami, kuma kaitonki in kika ture ɗaya. Miyar kuɓewa ba ta wuce maƙogwarona, yauƙinta kaɗai ya isa ya tayar mini da zuciya, na sha zagi a kan haka har na gaji. In Inna ta canja hanyar da muke bi zuwa kasuwa, yinin ya lalace ke nan. Wuri ɗaya ne raina ke kwanciya, ɗakin goro. Akwai duhu, akwai sanyi, ga ƙamshin jiƙaƙƙen ganye. In an kwance huhu, sai in zauna ina ware fari da ja, manya da ƙanana, ina cire mai tsutsa, har a kira sallah ban sani ba. Baba kan yi dariya ya ce da namiji ce ni, da ya bar mini fataucin.

Bayan sunan nan aka sa ni a mota zuwa Djougou, gidan Iya, mahaifiyar Baba. Kakanninmu fataken goro ne da suka yi zango a can suka zauna, kuma Iya ce aka sani da maganin iska a dangi. Tana sona, wannan ba na shakka. Amma kullum da yamma sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare da wasu saiwoyi, ta lulluɓe ni da zane mai kauri. Hayaƙi a ido, hayaƙi a ƙirji, hannaye biyu sun danne ni. Ina kuka, tana cewa, "Ba ke kike kuka ba, su ne." Da na lura in na yi shiru ana saurin yaye zanen, sai na koyi yin shiru. Aka ce na warke, aka dafa shinkafa aka yi sadaka.

Abin da na koya a Djougou shi na rayu da shi. Na haddace gaisuwa kamar karatun allo, ina kwana, ina gajiya, ina gida, kowace a gurbinta. Na koyi yin dariya in na ga ana yi, ko ban gane abin dariyar ba. Ina zuwa biki, in yi duk abin da ake yi, in dawo gida kamar wadda ta yini tana noman doya, kai na sarawa, ba na son ko a kira sunana. Na girma, na koyi ɗinki, na yi aure, tambayar nan tana cina a ciki: me ya sa abin da kowa ke yi a sauƙaƙe ni sai na yi masa shiri?

Bana ne malamar ɗana Habibu, mai shekara biyar, ta ba mu shawarar mu kai shi asibiti a duba shi. Likitar ta zaunar da ni tana tambaya. Yana haɗa ido? Ƙara tana firgita shi? Yana jera kaya? Yana ƙin wani abinci saboda yadda yake ji a baki? Bakina na amsawa don Habibu, zuciyata na amsawa don wata yarinya da ke tsakanin huhunan goro. Ta ce tana zaton abin da ake kira otizim ne, yanayin da ƙwaƙwalwa ke karɓar duniya dabam, kuma sai an ƙara bincike. Na tambaye ta ko babba ma kan kasance da shi bai sani ba. Ta ajiye biro ta dube ni, ni kuma na dubi karan hancinta. Ta ce akan samu, amma gane alamu ba shi ne tabbaci ba, in dawo a duba ni ni kaɗai. Har yau ban koma ba. Ina so in sani, ina kuma tsoron sani, kullum cikin wannan ja-in-ja nake.

Labarin Habibu ya isa kunnen Goggo Ladi, ta zo da sandarta har shagona. Iya ta daɗe da rasuwa, amma Goggo ta ce kaskon yana nan a Djougou, a ba ta yaron na wata ɗaya. Ni da ban taɓa musa wa babba ba, na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ba za shi ba." Ta juya ga Inna da ke zaune, tana jiran ta tsawata mini. Na ce, "Inna, ban warke ba fa a lokacin. Shiru kawai na yi." Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Mun zaci kunya ce, Rakiya." Amma ba ta ce a ba da yaron ba.

Ɗakin goron nan yanzu shagon cajin waya ne, janareta na ruri a ƙofarsa, kuma duk na wuce sai na ji kewar sanyinsa. Kwanan baya aka yi biki a maƙwabta, kalangu ya tashi, na ga Habibu ya kai hannu kunne. Na ja shi ɗakina na ɗinki, na sauke labule, na juye masa gwangwanin maɓallai. Ya fara ware fari da ja. Na janyo ƙofa a hankali na zauna kusa da shi, ban taɓa shi ba. Abin da na so a yi mini ke nan.