Gaba Bakwai na Ganuwa

Ko yau in na ji warin makuba jiƙe a tukunya, sai in ga ƙafafun kakana cikin kwaɓi har ƙwauri.

A tsohuwar unguwarmu ta Kurfi kowane gida yana da rabonsa na ganuwa. Namu gaba bakwai ne, wato buɗin hannu biyu sau bakwai, daga gindin tsamiya zuwa ƙofar gabas. Da an zuba hatsi a rumbu sai a fito yaɓe, kowa ya gyara nasa tun damina na nesa.

Na yi wayo Nasara ya riga ya zauna, yaƙi ya ƙare. Mutane suka ce to wa kuma za a tare? Suka watsar da yaɓe. Wasu ma suka koma saran ganuwar suna tubali, wai ƙasarta ta fi ta kududdufi. Gaskiyarsu kuwa, ta fi.

Kaka dai ko gezau. Mu jikoki mu ɗebo ruwa, shi ya taka, ya yaɓa, ya shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai kare yaɓe daga ruwan sama. 'Yan kasuwa daga Wurma su tsaya suna dariya, wai ga tsoho mai jiran maharan Maraɗi. Wallahi kunya nake ji, har laɓewa nake bayan tsamiya.

Shekarar da baffana zai gina ɗaki, ya roƙi gaba ɗaya tak, ya ce ai shida ma ganuwa ce. Kaka bai ko ɗago kai ba.

"Bakwai ubana ya ba ni. Ba zan bar muku shida ba."

Baffa ya je kududdufi yana gunaguni.

Bayan Kaka babanmu ya ɗauka, bayan babanmu ni. In ka je yanzu, duk ganuwar ta koma gona da gidaje, tamu kaɗai ke tsaye. Shi ne aka zo aka kafa allon ƙarfe, wai unguwar tarihi ce, kada kowa ya taɓa. Bara wani ma'aikaci, sa'an jikana, ya tarar da mu da kwaɓi, ya ce cikin ladabi, "Baba, doka ta hana." Na bi doka damina ɗaya. Ruwan marka ya zaftare mana kusurwar gabas, na kwana uku ban ji daɗin tuwo ba.

Ganuwar ƙasa hannu take so, allo bai iya yaɓe ba. Bana na jiƙa makuba, na tara jikoki, tunda ƙafata ta daina taka kwaɓi. Mai kamu ya zo, zai same ni a gindin tsamiya. Bakwai aka ba ni.