Kwalekwalen Mutumin Gwiwa

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina ɗan shekara tara a Roni, bayana kuwa ya ranƙwafa kamar lauje. Babana ya duba, ya ce ranar kasuwa zai kai ni wurin wanzami a yi mini ƙaho tsakanin kafaɗu. Na taɓa ganin yadda ake tsaga mutum, don haka ko tuwo na kasa ci.

Kakata, Iya Dije, ta ce a ba ta wata biyu. Bayan magariba ta hura wutar kara, ta ɗaura tsohuwar robar keke a ƙafar rumbu, ta zaunar da ni ƙafafu a miƙe.

"Riƙe nan, maigidana. Tatsuniyar yau a cikin kwalekwale take. Ka daina ja, ta tsaya."

Wai wani mutumin Gwiwa ne ya je fatauci bakin Kwara, ya ga kwalekwale, ya ba da jakinsa aka ba shi. Ya sa aka ɗauko masa shi har gida, garin da ko agwagwa sai ta jira a ja mata ruwa a rijiya. Kullum sai ya shiga ya yi ta tuƙi a kan yashi, yana yi wa masu wucewa tsawa su kauce kada ya jiƙa su.

Sai Iya ta daka mini tsawa, "Gwiwar hannu baya! Matse kafaɗun kamar za ka fasa gyaɗa a tsakaninsu! Kai, wannan tuƙin ko Kazaure ba zai kai mu ba."

In na saki robar, sai ta yi gum, ta shiga tonon dankali a toka, ƙannena su yi ta mintsinina har in ɗauka. Haka ta ja labarin mako bakwai. Ruwa dai bai je Gwiwa ba, amma ranar da bijimin dagaci ya faɗa rijiya, mutumin nan shi kaɗai ya jawo shi. Ni kuma babana ya shafa bayana, bai sake ambaton wanzami ba.

Da arzikin fetur ya watsa mu duniya, na ga masu jirgi na gaske a Yawuri da Kartum, babu mai tuƙi irin na Iya. Da na dawo na faɗa mata.

Ta ce, "To ni ina na taɓa ganin kwalekwale? Jan guga ne na kwantar maka da shi."

Na daɗe ina ɗaukar wannan a wayon tsofaffi kawai, sai da na shiga wani ɗakin motsa jiki a Jamus. Ga manyan mutane a jere, kowa a kan wani kwalekwalen ƙarfe da aka kafe a ƙasa, suna ja daidai yadda ta koya mini. Na tambayi mai kula da wurin, da guntun Jamusancina, ina za su. Ya ce ba ko'ina, ƙarfin baya suke nema.

Nan na gane Iya ta san maganin, ta kuma san ba ya shawuwa gaya. Sai tausayinsu ya kama ni: suna ta gumi, babu tsohuwa ko ɗaya da za ta gaya musu abin da ya faru gaba.