Wanzamin da Ya Ce Bai Nuna Ba

Shekara talatin Harisu wanzami ya yi yana leƙa maƙogwaron mutanen Gadarif ta ƙasar Sudan. Rumfarsa tana bayan masu auna riɗi a kasuwa. Yana aski, yana ƙaho, amma abin da aka san shi da shi cire beli ne da fasa hakin wuya, kumburin nan biyu na can cikin maƙogwaro da hakiman asibiti, wato likitoci, ke kira lauz. Zai danne harshe da ɗan itace, ya duba, ya ce ya nuna ko bai nuna ba. Idan ya nuna, aska. Ba a cika jin ya ce bai nuna ba.

Hakimai suna cewa lauz masu gadin jiki ne, kada a taɓa su sai dole. Harisu yakan ce gadin da ke hana mai gida haɗiyar kunu ba gadi ba ne.

Ɗansa ɗaya namiji, Abduljalil, shi ne duk damina wuyansa ke kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. A shekarun ne lorin kamen da ake kira kasha ke tsayawa bakin kasuwa yana kwasar samari zuwa hidimar soja, daga sansani kuma wasu a wuce da su Kudu fagen yaƙi. Sau biyu ana kiran Abduljalil gwaji, sau biyu hakimin ya leƙa bakinsa ya ba shi takardar jinkiri.

Jummare, uwarsa, ba takardar take gani ba. Ƙashin wuyan ɗanta take gani.

"Malam, ka fasa wa 'ya'yan garin Hawata, ka fasa wa 'yan aikin gonakin Fashaga, naka ne askar ba ta ci?"

"Bai nuna ba."

"Shekara uku? Ko kabewa ce ai da ta ruɓe."

A kasuwa ma an sa shi gaba. Mato, wanzamin da ke layin masu dawa, yana cewa hannun Harisu ya fara rawa, shi ya sa yake tsoron na gida. Harisu ya ji, ya ci gaba da askinsa. A lokacin an fi saurin yafe wa mutum rawar hannu da a ji ya ce ba ya son ɗansa ya tafi jihadi. Wataƙila kuma bai so ya yarda, ko a ransa, cewa abin da ya yi shekara talatin yana fasawa shi ke tsare masa gida.

Ranar da Harisu ya tafi Ƙala'at an-Nahal askin suna, Jummare ta kai yaron wurin Mato. Mato ya iya aikinsa. Cikin wata biyu Abduljalil ya yi kumatu, yana ɗaukar buhun riɗi shi kaɗai. Da kaka aka sake kiransa. Hakimin ya leƙa, ya ce lafiya lau, ya sa hannu.

Bayan lorin ya tashi da shi, Jummare ta dawo ta tarar da Harisu zaune kan angarib, gadon igiya, yana wasa aska. Ta tsaya a kansa, ta ce:

"Ka sani."

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da kin faɗa wa Goggonki. Goggo kuwa ɗanta ne ke rubuta wa soja sunaye a unguwa."

Ba ta ce ƙarya yake ba.

Harisu ya ci gaba da zuwa rumfa. Jarirai da mata da tsofaffi, yana yi musu yadda ya saba. Amma idan uba ya kawo saurayi mai shekara sha bakwai ko sha takwas, sai ya danne harshe, ya daɗe yana dubawa, ya mayar da askar cikin zabira.

"Bai nuna ba, ya zol, bawan Allah. Ku ba shi ruwan ɗumi da gishiri."

Wasu ubannin sukan ja ɗansu su nufi layin masu dawa suna mita. Wasu kuma sukan dubi Harisu, su dubi bakin kasuwa, su yi godiya.