Ƙarafunan Abdulgani a Maƙerar Kalgo

Abdulgani ya rasu a ranin da ya wuce, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Tela ne a kasuwar Gwandu, rumfata ta sayar da goro tana jikin tasa, kuma tun muna yara ba mu taɓa rabuwa ba. Har yanzu in na sami goro mai kyau sai in juya in miƙa masa.

Wajen shekara ta 1954 ya soma tara wasu 'yan ƙarafa masu kama da kuɗi amma ba a sayen komai da su. Akwai lambobin tagulla da ake rataya wa leburori, akwai masu huji da tambarin kanti, akwai wasu farare masu nauyi da ya samo wurin wata tsohuwa a Kambaza. Ba tara su ne ya dame shi ba, rashin sanin asalinsu ne. Ya tambayi malamin elementare ko akwai littafin da ya yi bayaninsu, malamin ya ce bai taɓa gani ba, sai ko a Sakkwato. Ya tambayi wani tsohon soja, yau ya ce na Bama ne, gobe ya ce na Faransa ne. Abdulgani mutum ne mai saurin damuwa. Yakan ce mini tsoronsa kada ya riƙe maganar ƙarya ya faɗa wa wani.

Daga baya aka ba shi labarin Bawa, wani dattijon maƙerin zobba da mundaye a Kalgo, wanda tun zamanin fatake ƙarfe iri-iri ke bi ta hannunsa. Farkon damina muka hau keke muka tafi.

Mun tarar da Bawa aiki ya yi masa yawa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ni kuma da bakina na ce ai bayan kaka za a yi bikin Lami. Lami ita ce 'yar farin Abdulgani, ko sunanta ba ya faɗa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin riga. Can ya ciro ƙullin tsumma mai fararen nan da mafi kyawun masu hujin, ya ajiye gaban tsohon.

"Baba, ga su nan. Ka duba su a natse, kai ka san su."

Bawa ya jinjina ƙullin, ya yi murmushi, ya ce kada ya damu, ya gane.

Bayan mun dawo ne Hajjo, matar Abdulgani, ta ji yadda aka yi. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, ka kai wa maƙeri farin ƙarfe, ga biki tafe, ka sunkuyar da kai ba ka ce komai ba. Mi kake zato zai yi da shi?"

Da safe ya zo rumfata fuskarsa ta canza. Ya so mu koma a ranar, amma ruwa ya sauka sosai, fadama ta cika, hanya ta yanke. Ya ba wani mai jaki saƙo, mutumin ya juyo daga rabin hanya. A makonnin nan na ga abokina ya rame. Yakan ɗinka aljihu a baibai ya farke. Kullum sai ya tambaye ni ko na tuna daidai abin da ya faɗa, ko ya ambaci kalmar ajiya. Ina ce masa dattijo ba zai yi gaggawa ba, alhali ni ma ban gaskata hakan ba.

Da ƙasa ta ɗan tsane muka tura kekuna cikin laka har Kalgo. Bawa na ganinmu ya shiga ɗaki da fara'a, ya fito da mundaye guda biyu da zobe, suna ƙyalli. Ya ce ya san uba ba ya iya buɗe baki kan kayan 'yar fari, shi ma haka ya yi a zamaninsa.

Na dubi Abdulgani. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya yaba aikin. Bai bari tsohon ya gane ba. Sai da ya nisa ya tambaya a hankali ko Baba ya tuna kamanninsu kafin su shiga wuta.

Bawa ya tuna. Ya ce fararen da ayarin Gwanja suka zo, mai hujin kuma wani kantin fatu ne yake ba dillalansa. Ya yi ta bayani har la'asar, Abdulgani na maimaitawa a bakinsa don kada ya manta, idonsa cike da ƙwalla. Bawa ya zaci ta rabuwa da 'ya ce, har ya dafa kafaɗarsa.

Muka kamo hanya har muka hango Gwandu. Ya tsayar da keke ya roƙe ni kada Lami ta taɓa ji. Ita ma ta riga shi rasuwa, wurin haihuwa, shi ya sa yau na faɗa. Allah ya haɗa su a inda babu fargaba.