Dutsen Doya a Hannun Tolewasi

Tolewasi mutumin ƙauyenmu ne a tsibirin Fergusson, kuma ban san wanda ya kai shi son yabo ba. Gajere ne, bakinsa kullum jajir da taunar buai, goron ƙasarmu. Ba shi da kwalekwale, aladunsa ba su taka kara sun karya ba, amma a hannunsa dutsen doyar danginsu yake. Dutsen kore ne mai duhu da ɗigo-ɗigon ja, bai fi kan jariri ba. Kowace shuka sai an binne shi a tsakiyar gona kafin a sa iri. A wurinmu ta ɗakin uwa ake gadon irin wannan abu, don haka ajiya ce kawai a hannunsa. In ƙarfinsa ya ƙare zai damƙa shi ga Gomeya, ɗan ƙanwarsa Sinekela.

Wata shekara sai ga Baturiya mai binciken duwatsu, sunanta Bronwin. Ta ɗauke shi yana nuna mata hanya a kan tsauni. Ita ta gaya masa ƙasarmu buɗewa take yi a hankali, duwatsun can ƙasa suna zamowa sama da zafinsu ta wata tsaga, kuma tana iya gane lokacin da kowanne ya huce. Maganar ta zauna masa, domin ya daɗe yana musu da mutanen ƙetaren rafi kan dutsen wa ya girmi na wa.

Ranar tafiyarta ya naɗe dutsen a ganyen ayaba ya kai mata bakin ruwa.

"Tafi da shi ki auno mana shekarunsa," in ji shi.

"Baba, ka tabbata? Irinsa na yi ta nema ban samu ba."

"Ni na ba ki. Ko an ce miki Tolewasi marowaci ne?"

Bai ce ta dawo da shi ba. Mu ba ma faɗin haka, cin fuska ne. Abu mai daraja in ya shiga hannun aboki, zagayawa yake ya komo gida da kansa. Ita kuwa ta ɗauka kyauta ce. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don babu mugu a cikinsu.

Da lokacin shuka ya yi Sinekela ta same shi a gona.

"Yaya, ina dutsen?"

"Ya tafi makaranta," ya ce yana dariya.

"Kai da ka je me ka koyo? Kayan ɗana ne ka yi bajinta da shi."

Doyar shekarar ta fito ƙanana, ta shekarar da ta biyo baya ma haka. Ko ruwa ne ya yi yawa, ko menene, ba wanda ya tsaya tambaya, kowa ya san inda zai nuna da yatsa. Sinekela ta daina aika masa abinci. Tolewasi ya koma mutumin bakin teku, duk jirgin da ya tsaya sai ya je ya leƙa. Ya rame, tari ya kama shi, surutun nan duk ya ƙare.

Bayan shekara biyu Bronwin ta dawo, da murnarta. Jama'a suka taru, har da mutanen ƙetaren rafi. Ta ce dutsensa ya taso daga zurfin da ba ta zata ba, kuma ya huce da sauri ƙwarai.

"A cikin duwatsun duniya, Baba, naka jariri ne."

Mutanen ƙetare suka kwashe da dariya. Tolewasi bai kula su ba.

"To, 'yata, ina shi?"

Ta ciro wata 'yar kwalba kamar ta maganin ido, da gari toka-toka a ciki.

"Sai an niƙa dutse ake tsamo ƙwayoyin da ake aunawa. Wannan ne ya rage." Ta dubi fuskokinmu, murnar ta gushe. "Ba ku sani ba?"

Da aka yi mata bayani ta zauna kan yashi tana hawaye. Tolewasi ne ya lallashe ta, ya ba ta buai, don baƙuwarsa ce.

Tolewasi bai ƙara ganin wata shukar ba. Da ciwo ya kwantar da shi ya aika a kira Gomeya, ina wurin. Ya buɗe kwalbar, ya juye garin a tafin saurayin, ya fara karanta masa kalmomin da ake faɗa wa doya lokacin binne dutsen. Garin ko tsakiyar tafin bai rufe ba.

Gomeya ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba.

"Na ji, Kawu," in ji shi.

Da ya fita, ina kallonsa ta ƙofa, ya goge hannunsa a wando ya nufi gidan uwarsa.